Gwaggo Husaina da Labaran da Ta Bari Babu Ƙarshe

Daga Allah muke, gare Shi kuma Gwaggo Husaina ta riga mu komawa. Ta cika da hantsin ranar Alhamis, 27 ga watan Mayu, 1999, wanda ya yi daidai da 11 ga Safar, 1420, a ɗakinta da ke gidanmu na gado a Gyaɗi-Gyaɗi, tana da shekara sittin da huɗu. Ƙanwar mahaifinmu ce. Ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a firamare kafin ta yi ritaya, kuma ita ce ta riƙe mu, ni Misbahu da ƙanena Mu'azu, tun ranar da aka fita da gawar mahaifiyarmu. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai Ya ba ta mu, ban kuwa tabbata mun zame mata abin hutawa ba.

Gwaggo, labarin rasuwarki a ofis ya same ni. Saura kwana biyu sojoji su miƙa mulki ga farar hula, ni kuma an jefa ni cikin kwamitin da ke haɗa takardun miƙa aiki na ma'aikatarmu, mako uku ba Asabar ba Lahadi. Malam Ishaku, mijin maƙwabciyarki Lami, shi ya hau Besfarsa ya zo ya gaya mini. Masu gadi suka tsare shi a bakin ƙofa kusan awa guda, wai an hana baƙi shiga sai bayan rantsuwa. Kafin saƙon ya hau bene ya iso teburina, an yi miki wanka, an yi miki sutura, an sallace ki. A maƙabartar Tarauni na cim musu, ana mayar da ƙasa. Ban ga fuskarki ba, ban kama makara ba. Mu'azu ne ya sauka ya karɓe ki. Ya fito jikinsa duk ƙasa, ya tsaya a can gefen kabarin, na tsaya a nan gefen, aka shafa fatiha, kowa ya juya ya kama gabansa.

Na san yadda ake rubuta ta'aziyya. A faɗi alherin mamaci, a yi masa addu'a, a ajiye alƙalami. Alherin zan faɗe shi, don yana da yawa. Amma ke kika koya mini kada in rubuta abin da ba shi ne a raina ba, abin da ke raina kuwa yau, kwana arba'in da tafiyarki, haushi ne. Ina jin haushin kaina, ina jin haushin danginmu, kuma Allah Ya yafe mini, ina jin haushinki.

Bari in fara da alherin. Ina ɗan shekara tara, Mu'azu yana da huɗu, lokacin da kika kwaso kayanki kika dawo gidan yayanki saboda mu. Mijinki ya riga ya rasu, manema suna ta aike, kika ce kina da yara biyu da aji guda, ba ki da wurin ajiye na uku. Ki koyar da safe, ki dawo ki ɗora tukunya, ki zauna kina duba aikin 'yan ajinki da jan biro, kunnenki yana kanmu. Ban taɓa zuwa makaranta da yagaggen wando ba, ko da yake ba na cika mako ban yaga shi ba. Da ƙyanda ta kama Mu'azu, kwana goma sha ɗaya kika yi ba ki sauke shi daga cinyarki ba sai in za ki yi sallah.

Ba mu kaɗai muka ci moriyarki ba. Lokacin da Lami da mijinta suka taso daga Kudancin Kaduna suka kama haya a gidan da ke jikin namu, ba su san kowa a Kano ba, ta zo ta yi haihuwar fari babu uwa babu uwar miji a kusa. Ke kika riƙa tsallakawa safe da yamma kina dafa ruwa kina yi mata wankan jego har ta yi arba'in, kina dama mata kunun kanwa, kina yi mata faɗa in ta ɓata fuska. Da wata ta ce miki ai ba addininku ɗaya ba, kika ce ruwan zafin bai tambaya ba. Tun daga lokacin Lami ba ta da sunan da take kiran ki da shi sai Mama.

Sai dai ba da wannan aka fi sanin ki ba. An fi sanin ki da labarai, labaran kuwa ba irin tatsuniyoyin da kowa ya sani ba ne, masu dabbobi da 'ya'yan sarakuna. Naki a tsakar gida suke faruwa, tsakanin murhu da igiyar shanya, mutanen cikinsu kuma mu ne, da sunayenmu. Akwai na matar da kullum in ta zo rabon tuwo sai ta tarar 'ya'yanta sun ƙaru da ɗaya, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ta tuna ranar da ta haife shi. Akwai na rijiyar da ta fara mayar da abubuwan da suka faɗa cikinta, na bana tukuna, sannan na bara, guga, ludayi, zobe, tana komawa baya shekara bayan shekara, mutanen gidan kuma suna kallon juna, don sun san ta kusa isa shekarar da wani abu ya faɗa ciki wanda ba a maganarsa. Mutum zai saurare ki da rana tsaka, gumi na zuba masa, amma tsigar jikinsa ta tashi.

A gindin tsamiyar tsakar gidanmu kike zama. Tsamiyar ta girmi gidan, mahaifinmu tarar da ita ya yi, ya yi gininsa ya kewaye ta. Kuma da rana kike ba da labaran, ba ki taɓa yarda ki ba da ko ɗaya bayan magariba ba. Kowa ya san an hana tatsuniya da rana, ke kuwa sai ki ƙulla bakin mayafinki, ki ce kin ɗaure abin da za a ɗaure, a matso. Da na tambaye ki me ya sa ba za ki jira dare kamar kowa ba, kika ce in duhu ya yi Hassana tana sauraro, ita kuma ba ta son a yi ƙarya a gabanta. Hassana ita ce wadda aka haife ku tare, ta koma tun ba ku yi arba'in ba. Shi ya sa wasu matan unguwa suke shayin ki, wai 'yar tagwayen da ta rasa 'yar'uwarta ba a ɓata mata rai, kada mutum ya tarar da kunama a takalminsa. Ba ki taɓa ƙaryata su ba. Kin ce tsoron yana sa su dawo miki da turminki da wuri in sun ara.

Bayan kin yi ritaya kika fara rubuta labaran a littattafan rubutu irin na 'yan firamare, masu jadawalin lissafi a bangon baya, labari ɗaya littafi ɗaya. A nan ne kika ɓullo da al'adar da ta hana ni sukuni yau. Ba ki taɓa rubuta ƙarshen labari ba. Sai ki kai shi daidai inda numfashin mai karatu zai tsaya, ki ja layi da jan biro, ki rubuta a ƙasa, "Ƙarshensa yana wurin wane." Sannan ki aika a kira shi, ki ƙulla mayafi, ki faɗa masa ƙarshen da baki, shi kaɗai, sau ɗaya tak. Wanda ya karanta yake son jin yadda aka ƙare, to ya sa takalminsa ya je gidan mai ƙarshen, ya gaishe shi, ya sha ruwa, ya tambaya.

Na yi miki ƙorafi a kan wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ce wannan ba tsari ba ne. Na ce mutane suna mantuwa, suna ƙaura, suna mutuwa. Na ce ki cika labaran ki ba ni, in kai wa mai buga tafireta a ofishinmu, mu nemi maɗaba'a, a san da ke a wajen Gyaɗi-Gyaɗi. Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Misbahu, in na rubuta ƙarshen, wa zai je gidan wa?" Na ɗauka rigimar tsufa ce. Har yanzu ma ban janye maganata duka ba, za ki ji dalili.

Dole in faɗi abin da ya shiga tsakanina da Mu'azu, don in ban faɗa ba mai karatu ba zai gane abin da kika yi mini ba. Shekara shida da suka wuce, bayan rasuwar mahaifinmu, Mu'azu zai yi aure yana neman inda zai yi ɗaki. Na tafi Kaduna wani kwas na mako biyu, na dawo na tarar da tsakar gida fayau, rana ta ƙwalle a inda kike zama, masu faskare suna ɗaure itace. Bai yi shawara da ni ba. Na gaya masa maganganu a gaban magina, shi ma ya mayar mini, na rufe da cewa daga yau ko sallama kada ta sake haɗa mu. Ya riƙe maganar, ni ma na riƙe. Ɗakin da aka sare tsamiyar dominsa ma bai zauna a ciki ba, ya tare da amaryarsa a gidan haya a Darmanawa, ɗakin ya koma wurin ajiye tarkace. Ni ina Tarauni, shi yana Darmanawa, tafiyar 'yan mintoci a babur, amma shekara shida ban taka ba. Matarsa ta haihu sau biyu, na tura matata da atamfa, ni ban je suna ba. Shi yana zuwa gaishe ki ranar Juma'a, ni sai Lahadi, daga baya Lahadin ma ta fara tsallake.

Ke da aka sare wa inuwa, washegari kika ja tabarmarki jikin katanga kika ci gaba da zamanki. Kika ce mini, "Ni mai tsamiyar na haƙura. Kai wa kake taya fushi?" Kin haɗa mu da limamin unguwa, kin haɗa mu da Kawu Sani, yayan mahaifiyarmu. Aka tuna mana cewa addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, muka ce mun ji, muka fita ta ƙofa ɗaya, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Daga baya kika daina tayar da maganar, na ɗauka kin gaji.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce kika miƙo mini littafi mai sunana. Labarin wani ma'aikaci ne, Misbahu. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya ce yau zai biya ta gidansu, sai ya duba agogo ya ce gobe. Bai sani ba, duk ranar da ya ce gobe, gidan yakan matsa baya da taku ɗaya. Da fari bai lura ba. Sannan ya ga layin ya ƙara tsawo. Sannan ya ga ana shan wata kwana da bai san da ita ba, ana ratsa wata kasuwa da ake ciniki babu mai magana. Ranar da ya yi niyyar zuwa da gaske, ya fita da hantsi da baƙin gemunsa, bai iso ba sai da furfura ta rufe masa fuska. Ya sami gidan shi kaɗai a tsakiyar fili, ƙofar zaure a buɗe, ƙamshin girki yana fitowa. Ya tsaya, ya gyara murya, ya yi sallama. Nan kika ja jan layinki. A ƙasa babu sunan kowa, sai kalma uku: "Sai ka zo."

Labarin ya ɓata mini rai, don na gane kaina, na kuma ɗauka gorin rashin zuwa gaishe ki kike yi mini. Na ba matata ta mayar miki da littafin. Sau uku kina kira na. Na farko a watan Fabrairu, na ce an tura ni aikin zaɓe ƙauye. Na biyu ranar babbar sallah, na zo gaisuwa a tsaye, na ga kin kama bakin mayafinki za ki ƙulla kina nuna mini tabarma, na ce baƙi suna jira na a gida, in an rantsar da sabuwar gwamnati zan zo in wuni. Na uku saura kwana goma ki rasu. Lami ta zo har gidana ta ce ƙafafun Mama sun kumbura, ta ce ka zo ka karɓi ƙarshenka. Na aika miki da magani da lemo, na ce a gaya miki bayan ashirin da tara ga wata.

Kika tafi ranar ashirin da bakwai. Kin jira ni wata huɗu, Gwaggo, kwana biyu ne suka gagare ki? Astagfirullah, na san ajali ba ya ɗaga ƙafa saboda kwamiti. Amma takardun nan da na bar ki dominsu suna can cikin kabad, an ɗaure su da jan zare, har yau ban ga wanda ya buɗe ko bangonsu ba.

Ranar sadakar bakwai mata suka raba kayanki. Aka yi ta ja-in-ja a kan zannuwa da kwanukan samira, har da masu kumburin fuska. Littattafan kuwa babu wanda ya ce nasa ne. Wata daga cikin dangi, ba zan faɗi sunanta ba don ta san kanta, ta tattara su a kwali ta miƙa wa mai ƙosan bakin layi ta riƙa naɗe wa mutane. Lami ce ta karɓi ƙosai da safe, ta ga rubutunki a jikin takardar, mai ya jiƙa shi har ana hango bayansa. Ta koma a guje ta ƙwato kwalin. Littafi ɗaya ya riga ya watse cikin unguwa shafi-shafi, ban ma san na wane ne ba. Saura ashirin da biyu.

Na ɗauki hutun mako biyu, hutun da na kasa ɗauka kina da rai, na shiga bin ƙarshen labarai gida-gida. To, Gwaggo, ga abin da tsarinki ya haifar. Na rijiya yana wurin Kawu Sani, Kawu Sani kuwa ya rasu bara da damina, ya tafi da abinsa. Babu wanda zai taɓa sanin abin da rijiyar nan ta mayar. Na matar mai ƙarin ɗa yana wurin Hauwa 'yar Kawu, a Unguwar Gano. Na same ta tana wanki, ta yi ta dariya, ta ce, "Wallahi Yaya na manta. Ina jin dai kamar a ƙarshe an ci tuwon." Kamar in fashe. Wani ya ce malaminsa ya hana shi maimaita maganganun iskoki, ya ba ni ruwa ya raka ni ƙofa. Wata an yi wa mijinta canjin aiki sun koma Jos. Mutum biyu sun ba ni ƙarshe, amma daga ji ka san ƙirƙirarsu ce, don a nasu kowa ya tuba an yi biki, ke kuwa ba ki taɓa sallamar mai sauraro cikin sauƙi haka ba. Cikin ashirin da biyu, tara kawai na samu waɗanda na yarda muryarki ce a ciki. Na gaya miki za a yi haka. Na gaya miki.

Sai dai a mako biyun nan na shiga gidajen dangi goma sha bakwai, wasu rabona da su tun ina saurayi. Na sha ruwa a kowanne. Na ga yaran da ban san an haifa ba, na ga tsofaffin da na ɗauka sun daɗe da rasuwa. Na san irin murmushin da za ki yi in kin ji wannan, kuma ba na son sa.

Lami ce ta riƙe nata kamar yadda aka ba ta. Labarin wata mata ne da ke zaune ita kaɗai a gida, wadda kullum da safe take tarar da takalman mace a bakin ƙofar ɗakinta, suna kallon ciki kamar baƙuwa ta cire ta shiga, ɗakin kuma babu kowa. Ta ba da su sadaka, suka dawo. Ta jefa su a kududdufi, suka dawo a bushe. Nan jan layin yake. Kafin Lami ta buɗe baki sai da ta ƙulla bakin ɗankwalinta, ta ce haka Mama ta yi. Ta ce matar ta gaji ta daina jefarwa. Ta shimfiɗa tabarma ta biyu, ta zuba abinci a kwano biyu, ta ce wa ɗakin, "Sannu da zuwa, kin sha hanya." Washegari aka ga takalman sun juya suna kallon waje, nata kuma suna gefensu a jere.

Lami ta kwance ƙullin. Can ta ce ranar Alhamis ɗin nan da ta shigo kawo miki koko, ta tarar da silifas ɗinki a bakin ƙofa a jere suna kallon waje, ke da kullum sai an tsinto miki ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Na ce mata wataƙila mai shara ce ta gyara. Ta ce babu wanda ya yi shara ranar. Ba zan ƙara komai a nan ba, don ba ni da ilmin abin. Allah ne masani.

Nawa na bari a ƙarshe, tunda na san babu inda zan je. An ce sai na zo, ban kuwa zo ba. Lami ce ta ce in sake buɗe shafin. A ƙarƙashin kalmomin nan uku akwai sabon layi da fensir, rubutun yana karkacewa kamar na 'yar aji ɗaya, daga hannun da ya yi shekara talatin yana gyara rubutun yara. "Yana wurin Mu'azu." Lami ta ce ranar Talata, saura kwana biyu ki rasu, kika sa aka kira shi, kika ce ta ba ku wuri, ta hango ki ta gefen labule kina ƙulla mayafi da ƙyar.

Na rufe littafin na yi jifa da shi kan kujera. Wannan ai tarko ne, Gwaggo. Kin san ba zan iya zama ban ji wanda ya amsa sallamar nan ba. Duk faɗin Kano kin rasa wanda za ki ba ajiyata sai mutumin da ya sare miki tsamiya. Na yi fiye da mako ina kai-kawo. Sau biyu ina hawa babur in nufi Darmanawa, in kai bakin layinsu, in wuce kamar mai neman wani gida. A na biyun, a kan hanyar dawowa, na ji bakin nan nawa yana cewa gobe, bayan duk abin da ya faru. Ranar ce na ji tsoron labarinki da gaske.

Jiya bayan la'asar na je. Ƙofar zaure a buɗe take, ƙamshin girki yana fitowa. Na tsaya, na gyara murya, na yi sallama. Shiru. Na sake. Sai aka amsa daga ciki, cikakkiyar amsa ba a rage komai ba, da muryar da rabonta da ni shekara shida. Ya fito ɗauke da 'yarsa ƙarama, mai sunanki, wadda ban taɓa ɗauka ba. Furfura ta fara fito masa a gemu, ban san lokacin da ta fara ba. Na ce masa ba zama na zo yi ba, ajiyata na zo karɓa.

Ya ce, "Wace ajiya, Yaya?"

Na ce, "Ƙarshen labarina da Gwaggo ta ba ka."

Ya sauke yarinyar. Sannan ya ce, "Ni ba ta ba ni labari ba. Ta ƙulla mayafinta, ta kama hannuna, ta ce, 'In ya yi sallama, ka amsa.' Na tsaya ina jiran ta ci gaba, ta ce shi ke nan, in tafi. Tun ranar nake rufe shago da wuri ina barin ƙofar nan a buɗe."

Na so in yi faɗa, na rasa da wa. Na zauna a dakalin zauren, ya zauna a ɗaya gefen, aka kawo ruwa na sha. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba mu rungumi juna ba, maganar tsamiya ma ba mu taɓa ta ba, kuma har yanzu ina ganin bai kyauta ba. Amma yarinyar ta hau cinyata tana wasa da agogona, da aka kira sallah kuma muka tashi tare muka tsaya a sahu ɗaya.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Kin rubuta labarin, kin raba wa kowa abin da zai yi, kin yi haƙurin shekara shida, ranar da aka ƙarasa shi kuma babu ke. Da na zauna a tabarmar nan ranar sallah, wataƙila da kin gani da idonki. Da na fito daga Darmanawa ban san lokacin da na juya kan babur na nufi Gyaɗi-Gyaɗi ba, wai in gaya miki yadda aka ƙare. Sai da na tsaya a ƙofar ɗakinki na yi sallama, na ji shiru, sannan na tuna.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Husaina, Ya gafarta mata, Ya yalwata mata makwanci, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya sa riƙon marayu da ta yi, da yaran da ta koya wa riƙe fensir, da ruwan da ta dafa wa maƙwabciya, su tsaya mata ranar tsayuwa. Idan a cikin labaranta akwai abin da ya zama kuskure, Allah Ya dubi niyyarta Ya yafe. Ni ma ina roƙon Ya yafe mini haushin da na zuba a wannan takarda, da wanda na riƙe shekara shida.

Ina miƙa ta'aziyya ga ƙanena Mu'azu da iyalinsa, ga Hauwa da sauran 'ya'yan Kawu Sani, ga Lami da Malam Ishaku waɗanda suka yi mata abin da ni ban yi ba, da ɗalibanta duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙuri. Wanda kuma yake riƙe da ƙarshen wani labari nata, ko ya tsinci shafi mai jan layi, don Allah kada ya aiko mini a rubuce. Ya faɗi inda yake, zan zo.

Ke kuma Gwaggo, Allah Ya sada ki da Hassana cikin rahama. In tamu ta zo Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa gidanki bai yi mana nisa ba, ranar da muka iso muka yi sallama kuma, ki amsa.